Mai ciki, kada ki saki reshe ki kama ganye

Ƴar'uwa, wannan magana taki ce da maigidanki. Idan kina cikin asusun lafiya, wanda ake kira mituwel, kuma kina ɗauke da ciki, shawararmu ita ce ki zauna cikinsa har ki sauka lafiya. Idan kuma canji ya zama dole, kada ki fita daga tsohon asusu sai ranar da sabon ya fara biya miki. Ga dalilinmu.

Yadda asusu yake aiki

Asusun lafiya kamar rumbun gari yake. Kowa yana zuba kaɗan lokacin da yake da lafiya, wanda ciwo ya kama a ɗebo a taimake shi. Idan kowa ya jira sai ciwo ya zo kafin ya shiga, rumbun zai ƙare cikin ƴan kwanaki. Shi ya sa yawancin asusu suke da lokacin jira. Sabon shiga yana biyan kuɗinsa, amma asusu ba ya biya masa kome sai wasu watanni sun wuce. A wasu wurare jiran haihuwa ya fi na sauran cututtuka tsawo. Wannan doka ba mugunta ba ce, ita ce take tsare kuɗin jama'a. Amma ga mai ciki tana iya zama tarko.

Mu yi lissafi. Ciki mako 40 ne, wato wata 9 da ƴan kwanaki. A ce cikinki ya kai wata 7, kika bar tsohon asusu kika shiga wani mai jiran wata 3. Naƙuda za ta same ki a tsakiya. Tsohon ya share sunanki, sabon bai buɗe miki ƙofa ba tukuna. Kin biya can, kin biya nan, amma ranar da kike bukata ba wanda zai biya miki.

Abu na biyu, asusu ba ya biya a kowane asibiti. Yana ƙulla yarjejeniya ne da wasu wurare, sau da yawa CSI ɗin da ke kusa, wani lokaci har da babban asibitin da ake tura marasa lafiya. Katin da yake aiki a garin mijinki ba lalle ya yi aiki a garin iyayenki ba. Ku tuna da wannan idan za a kai ki goyon ciki. Ku da kuke da dangi a ƙetaren iyaka, kamar tsakanin Maraɗi da Katsina ko tsakanin Ƙonni da Illela, kada ku ɗauka katin wannan ƙasa zai yi aiki a waccan.

Ai an ce kyauta ne

Wani zai ce, ina ruwanmu da asusu, ai gwamnati ta yafe wa mata kuɗi. Da gaskiya a ciki. A Nijar an mai da fiɗar haihuwa kyauta a asibitocin gwamnati tun 2005, a 2006 kuma aka ƙara da awon ciki da kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5. A Gana, tun 2008 mai ciki tana shiga inshorar lafiya ta ƙasa ba tare da ta biya kuɗin shekara ba. Wannan taimako ya ceci rayuka, kuma haƙƙinki ne ki nema.

Sai dai duk wanda ya taɓa jinya ya san akwai kuɗin da kyautar ba ta ɗauke ba. Akwai kuɗin mota daga ƙauye, wanda yake ninkawa idan dare ya yi. Akwai maganin da ya ƙare a asibiti, a rubuta muku takarda ku saya a farmasi. Akwai abincin mai jinya na kwana da kwanaki. Kuma ba kowane asibiti mai zaman kansa ne yake bin tsarin kyautar ba, sai an tambaya. Wasu daga cikin waɗannan asusu yana ɗauka, wasu ba ya ɗauka. Ki san wanne ne naki tun kafin ranar ta zo.

Me ya sa muke damuwa haka

Yawancin mata suna haihuwa lafiya. Amma masana lafiya sun ƙiyasta cewa cikin mata 100 masu ciki, wajen 15 suna gamuwa da matsalar da take bukatar ƙwararren ma'aikaci. Ba wanda ya isa ya nuna tun farko ya ce wance ce. Zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe mace cikin sa'o'i kaɗan. Jijjiga ba ta sallama. Doguwar naƙuda tana kashe jariri, ta bar uwa da yoyon fitsari.

A irin wannan lokaci jinkiri ne yake kisa, kuma kuɗi suna cikin abin da yake kawo jinkirin. Maigida ya fita neman rance. A jira ranar kasuwa a sayar da akuya. A ce bari mu gani zuwa safe. Gidan da suka san katinsu yana aiki sun fi saurin kama hanya. Saboda haka muke cewa zancen kati zancen rai ne.

Akwai wata hasara da ba a cika lura da ita ba. Mace ta canza asusu, sai ta canza wurin awo, sai awon ya yanke. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8. A nan ake auna hawan jini, a ba da maganin ƙarin jini, a yi allurar tetanus, a ba da ƙwayar rigakafin zazzaɓin cizon sauro aƙalla sau 3, da tazarar wata guda tsakani. Wata biyu ba awo ba ƙaramin abu ba ne.

Idan canji ya zama dole

Ba mu ce kowane canji kuskure ne ba. Wani asusun ya mutu, ba ya biyan asibiti. Wata an yi wa mijinta canjin wurin aiki, wata kuma aikin ne ya ƙare, katin ya tafi tare da shi. Wani sabon asusun ya fi tsohon kyau da gaske. Amma sauƙin kuɗin shiga kaɗai bai isa dalili ba. Abin da kuka rage a shekara ba zai kai kuɗin mota na dare ɗaya ba.

Kafin ku biya ko dala, ku je wurin shugabannin sabon asusun ku yi waɗannan tambayoyi:

1. Wace rana ce katin zai fara aiki, kuma wace rana zai fara biyan haihuwa?
2. Kuna karɓar wadda ta shigo da ciki?
3. A waɗanne asibitoci kuke biya? Idan aka tura mu babban asibiti fa?
4. Kashi nawa kuke biya, kashi nawa ne namu?
5. Kuna biyan mota, da magungunan da aka saya a waje?
6. Yaya ake sa sunan jariri, kuma yaushe?

A rubuta muku amsar a takarda. Idan ba ku iya karatu ba, ku tafi da wanda ya iya. Sannan ku kwatanta ranar da aka faɗa da ranar haihuwa da ungozomar asibiti ta rubuta a karnenki. Ku bar tazara mai yawa, gama jariri yakan zo kafin lokacinsa. Idan kwanakin sun yi kusa, ku ci gaba da biyan tsohon asusu har a sauka. Biya biyu na ƴan watanni yana da nauyi, amma ya fi sayar da gona sauƙi.

Kada ki ɓoye cikin. Mun san kunyar cikin fari, mun san ba a son a faɗa da wuri. Amma idan aka gano daga baya, asusu yana iya ƙin biya. Idan bakinki ya yi nauyi, maigida ko wata babba a gida ta yi magana a madadinki. Karnen awo kuma ki riƙe shi duk inda za ki, domin sabuwar ungozoma ta san abin da aka riga aka yi miki.

Maigida, naka aikin

Malam, sau da yawa kai ne mai yanke shawara, kuma kati yana aljihunka. Idan za ka tafi ci-rani, ka biya kuɗin asusu har ya wuce watan haihuwa, ka bar katin a hannun matarka. Idan za a kai ta gidan iyayenta, ka tambaya tun yanzu ko katin yana aiki a can. Ko da asusu, ka ware kuɗin mota, ka yi magana da direba, ka san dangin da za su ba da jini. Ka bar izini a gida cewa a tafi asibiti ko ba ka nan.

A ƙarshe, ƴar'uwa, ki riƙe wannan. Idan kika ga jini, ko ciwon kai mai tsanani, ko gani ya dushe, ko fuska da hannuwa suka kumbura, ko zazzaɓi mai zafi, ko jariri ya daina motsi, ko naƙuda ta wuce sa'a 12, ki zo asibiti nan da nan, da kati ko ba kati. Zancen kuɗi a yi shi daga baya. Allah ya sauke ki lafiya.