Mu Auna Ƙasa Kafin Mu Sayi Taki

'Yan'uwa manoma, kowace shekara muna haɗa kuɗi mu sayi takin zamani, mu zuba iri ɗaya a kowace gona, daga Baure har Mai'aduwa. Amma wa ya taɓa tambayar gonar abin da take bukata? Buhun da aka zuba inda bai dace ba, kuɗin ƙungiya ne aka binne.

Tun kaka da kakanni muna karanta ƙasa da ido. Mun san farin yashin jigawa ba shi da ƙarfi kamar baƙar ƙasar fadama. In ganyen gero na ƙasa ya yi rawaya, mun san yunwa yake ji. Launi kuwa aikin haske ne: kowane abu yana shanye wani kashi na hasken da ya sauka kansa, ya mayar da saura. Ganye yakan shanye ja da shuɗi, ya mayar da kore.

To, akwai hasken da ido ba ya gani. A 1800 wani masani a Ingila, William Herschel, ya raba hasken rana kamar bakan gizo, ya ajiye ma'aunin zafi gaba da ja, inda babu launi, sai ya ga zafi ya hau. Da wannan ɓoyayyen haske ake auna ƙasa yanzu. Na'ura takan haska busasshiyar ƙasa, ta auna abin da ta shanye da abin da ta mayar. Yumɓu da yashi da ruɓaɓɓen ganye, kowanne da irin shansa. Cikin 'yan mintoci an gama, ba a kashe kuɗi wajen sayen magungunan gwaji ba. A 2009 aka soma babban aikin auna ƙasar noma ta Afirka ta wannan hanya, da taimakon cibiyar ICRAF ta Nairobi.

Amma kada mu ruɗi kanmu. Na'urar tana kwatantawa ne da ƙasar da aka riga aka gwada ta tsohuwar hanya. In ba ta san yashin Daura ba, tana iya kuskure. Kuma ba ta cika gane ko gona na bukatar sufa ba, sai an haɗa da tsohon gwaji.

Ra'ayinmu shi ne kowace ƙungiya ta ware kuɗin awo kafin na taki. Mu ɗebi ƙasa wurare da dama a gona, zurfin taƙi ɗaya, mu gauraya, mu shanya a inuwa, mu rubuta sunan gonar. Sa'an nan mu nemi malamin gona ya kai mana ɗakin gwaji, kamar na Samaru a Zariya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu soma tun da rani, kada ruwan shuka ya riske mu.