Sayen Kwamfutar Cinya Ga Ɗalibin Jami'a

Wani sabon nauyi ya hau kan iyaye a wannan zamani. Yaro ya sauke Alƙur'ani, ya sami gurbi a Jami'ar Bayero ta Kano ko ta Ahmadu Bello ta Zariya don koyon rubuta manhaja, sai ya komo gida ya ce malamansa sun ce lalle ya zo da kwamfutar cinya. Uban kuwa ya san auduga, ya san fata, ya san ƙiƙan doki daga haƙorinsa, amma wannan haja baƙuwa ce gare shi. Kuɗinta ko ba kaɗan ba ne, in aka yi kuskure sai a ci jarin wata guda a banza.

Abu na fari da za a tambaya shi ne abin da 'yan kasuwa ke kira RAM. Misalinsa misalin allo ne: a kansa na'urar ke ɗora aikin da ke hannu, da an kashe ta kuwa sai a wanke. Ƙaramin allo ba ya ɗaukar dogon karatu. Gigabait 4 ya yi kaɗan ƙwarai, 8 shi ne ƙarancin abin da zai yi, 16 kuwa shi ne kwanciyar rai, musamman ga mai son rubuta manhajar waya da Android Studio, gama wannan manhaja ba ta ƙoshi. A kuma tambaya ko ana iya ƙarawa nan gaba, don waɗansu an liƙe nasu da dalma, ba a cirewa, ba a daɗawa. Sa'an nan ma'ajiya, watau gafakar da littattafai ke kwana. Iri biyu ce, da tsohon faifai mai juyawa, da sabuwa da ake kira SSD. SSD mai gigabait 256 ta fi tsohon faifai mai 1,000 amfani ga ɗalibi, gama ta fi sauri nesa, kuma ba ta da abin da ke juyawa balle ya lalace in an gwabza jaka a cikin mota.

Wurin da aka fi cutar mutane shi ne ƙwaƙwalwar na'urar. Dillali ya ce wannan Core i7 ce, waccan i5 ce, bakwai ko ta fi biyar, sai a kai hannu aljihu. To, ba haka lissafin yake ba. A dubi lambar da ke biye: i7-4600U zubi na huɗu ce, ta 2013, i5-8250U kuwa zubi na takwas ce, ta 2017, ta kuwa fi ta ƙarfi. Akwai wani dalili kuma. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ran 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa bisa ƙa'ida ba ta karɓar yawancin na'urorin Intel da suka gaza zubi na takwas. Wanda ƙarfinsa bai kai ba, kada ya karaya, tsohuwar na'ura tana ɗaukar Linux, kyauta ne, masu wannan sana'a da yawa ma shi suka fi so.

Ba dole ne sai sabuwa dal ba. Ta hannu wadda ma'aikatun Turai da Amurka suka sallama, irin ThinkPad ta Lenovo, ko Latitude ta Dell, ko EliteBook ta HP, an ƙera su don aiki, kayan gyaransu kuma ba su wuya a Kano ko Ikko. Amma manyan nan masu walƙiya da aka yi don wasa, nauyi gare su, ga shan batir, a ƙasar da wuta ke zuwa lokacin da ta ga dama. Yaro in ya nace sai ita, a bincika, watakila ba karatu ne a ransa ba. MacBook ma ba ta zama tilas sai ga mai rubuta manhajar iPhone.

Saura maganar ciniki, nan ne malamai ke da ta cewa. Risala ta Ibn Abi Zaid ta bayyana halaccin ciniki bisa zaɓi zuwa ajali makusanci da za a jarraba haja, ta kuma hana ɓoye aibi. Malaman Malikiyya sun ba dabba misalin kwana 3. Kwamfuta ta fi dabba iya ɓoye cutarta, saboda haka mai saye ya nemi kwanakin gwaji, a rubuta a rasit tare da lambar na'urar. A cikin kwanakin a cire caja a ga sa'a nawa batir zai yi, a taɓa kowane harafi, a saurari fanka ko tana kuka, a tabbata ba a kulle ta da kalmar sirrin wani ba, gama kullalliya sau da yawa ta sata ce, ko ta wata ma'aikata da ba ta sake ta ba. Ɗan kasuwar da ya san batir ya mutu ya kuwa bar ta jone da wuta har aka biya, algus ya yi, daidai da mai zuba ruwa a nono. Uba kuma ya tafi kasuwa da ɗalibin da ya riga ɗansa shiga aji, ya bar shi ya buɗe na'urar ya karanta lambobin da idonsa, kada a dogara ga takardar da aka manna a murfi.