Fim ɗin Spartacus: Tsakanin Tarihi da Ƙirƙira

Hausawa kan ce gani ya kori ji. Wannan magana ita ce ƙarfin fim a aji, ita ce kuma hatsarinsa. Fim ɗin Spartacus, wanda Stanley Kubrick ya ba da umarni a 1960, Kirk Douglas ya fito a matsayin jarumi, misali ne da ya kamata ɗalibin malanta ya yi nazarinsa.

Tushen labarin gaskiya ne. A shekara ta 73 kafin haihuwar Annabi Isa, wasu bayi kimanin 70, waɗanda ake horarwa su yi faɗa da makamai don nishaɗin 'yan kallo, suka tsere daga Capua a ƙasar Italiya. Dubban bayi suka bi su, suka yi ta karya rundunonin Rumawa har shekara ta 71, lokacin da Crassus ya murƙushe su, ya gicciye kamammu 6,000 a kan hanyar Capua zuwa birnin Rum.

Sai dai fim ɗin ya yi ƙari. Marubutan da sun nuna cewa Spartacus a fagen fama ya mutu, ba a ma ga gawarsa ba, amma fim ya nuna an gicciye shi. Haka kuma fitowar da ta fi shahara, inda kowane bawa ya miƙe ya ce shi ne Spartacus don kada a gane shugabansu, ƙirƙira ce.

Wasu na ganin wannan ƙari ya isa a hana nuna fim ɗin a makaranta. Wannan ra'ayi bai dace ba, domin ƙarin ma yana da nasa tarihin. Dalton Trumbo, wanda ya rubuta fim ɗin, an ɗaure shi a 1950 saboda ya ƙi amsa tambayoyin wani kwamitin majalisar dokokin Amurka da ke farautar 'yan gurguzu. Masana'antar fim ta daina sanya sunansa a ayyukansa. Saboda haka bayin da suka ƙi tona asirin ɗan'uwansu suna magana ne da Amurkawan wancan zamani.

Abin da ya wajaba ga malami shi ne ya nuna fim ɗin, sannan ya sa ɗalibai su rarrabe abin da ya faru da abin da marubuci ya ƙara, su kuma nemi dalilin ƙarin. Malamin da ya kunna fim ya koma gefe ya bar wa majigi aikinsa, ɗalibansa kuwa za su fita da ƙirƙira suna zaton tarihi ne.