Cajin Mota a Gida da Shan Mai a Gidan Mai: Wanne Ya Fi Araha?

Tun ranar 29 ga watan Mayu 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur, masu ababen hawa a Nijeriya suka shiga lissafin da ba su saba da shi ba. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma a watan Oktoba 2024 ta kai naira 1,030 a gidajen man NNPC na Abuja. Wannan ne ya sa maganar mota mai aiki da lantarki ta fito daga shafukan mujallu ta shigo majalisun hira. Masu yabonta suna cewa mutum zai jona motarsa a gida da dare kamar wayar hannu, ya wayi gari ya huta da layin gidan mai da 'yan bumburutu. A ganina maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai an yanke mata wutsiya.

Bari mu fara da lissafin, wanda ɗan aji shida na firamare zai iya yi a kan allo. Matsakaiciyar mota mai shan fetur takan ƙona kimanin lita 8 a tafiyar kilomita 100. Takwararta mai lantarki takan ci yunit 15 zuwa 20 a wannan tazara. Mu ɗauki 20 saboda wutar da ke salwanta wajen caji. A watan Afrilu 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wuta na rukunin "A" zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka sassauta shi zuwa wajen naira 210. Ke nan, a farashin ƙarshen 2024, mai fetur zai kashe naira 8,240, mai lantarki kuwa naira 4,200. Rabi ke nan, ko kusa da haka. A nan masu yabo suke ajiye alli.

To amma wace wuta ake nufi? Rukunin "A" shi ne wanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, kuma mafi yawan unguwanninmu ba sa cikinsa. Batir mai ɗaukar yunit 60 yana bukatar fiye da awa 20 kafin ya cika a soket na ɗaki, ko kuwa awa takwas zuwa tara idan an kafa masa na'urar caji ta musamman a bango. Wanda ake kawo wa wuta awa huɗu a rana, a ɗauke sau uku a tsakani, dole ya koma ga janareta. A nan ne lissafin ke juyewa, domin ƙaramin janareta ba ya ba da abin da ya wuce kimanin yunit biyu daga litar fetur guda. Yunit 20 zai lashe lita goma ko fiye, alhali motar fetur lita takwas ta sha. An gudu ba a tsira ba, ga kuma ƙara da hayaƙi da jarkokin mai a tsakar gida, kusa da murhu da yara.

Akwai kuma wata tambaya da ba a cika yi ba, wadda a wurina ta fi ta farko nauyi: wa zai biya? Fetur ba shi da rufa-rufa. Mai mota ya tsaya, famfo ya nuna lita, ya zaro kuɗi daga aljihunsa. Wutar gida kuwa sau da yawa ta tarayya ce. A gidan haya mai ɗaki goma da mita ɗaya, ana raba kuɗin wuta ne bisa yawan ɗakuna. Na'urar caji ta bango tana jan wutar da ta kai ta na'urar sanyaya ɗaki biyar. Idan ɗan haya ɗaya ya jona motarsa kowane dare, to bazawarar da ba ta da komai sai ƙwan fitila da fanka ita ma tana biya masa kuɗin zuwa ofis. Haka abin yake a unguwar da ake rubuta wa mutane kuɗin wuta bisa kintace, balle a zo ga taransifomar da idan ta ƙone, jama'a ne kan yi karo-karo su gyara. Ra'ayina shi ne, kada a yarda kowa ya yi cajin mota a gidan tarayya sai da mita tasa ta kansa.

Ko a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa, arahar ta mai gida ce. A Birtaniya harajin VAT a kan wutar gida kashi 5 cikin ɗari ne, a wuraren caji na bakin titi kuwa an ɗora kashi 20, ga ribar kamfani a kai. Mai gareji yana caji da araha cikin dare, mazaunin bene yana biyan tsada.

Duk da haka ba na cikin masu cewa wannan mota ba tamu ba ce. Allah ya hore wa Arewa hasken rana. A shekarar 2021 hukumar NADDC, ƙarƙashin Jelani Aliyu, ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, kuma a Maiduguri Mustapha Gajibo ya yi suna wajen mayar da ƙananan motocin bas na fetur masu aiki da batir. Abin lura shi ne, amfanin ya fi bayyana a motar haya da Keke Napep, waɗanda ke yini suna zirga-zirga, domin yawan tafiya ne ke mayar da kuɗin batir da na farantan sola. Malamin makarantar da bai wuce kilomita goma a rana ba zai daɗe bai fanshe tsadar motar ba. Shi abin da ya fi bukata shi ne bas mai lantarki da za ta ɗauke shi daga unguwarsu zuwa bakin makaranta a kan kuɗin da albashinsa zai iya ɗauka har ƙarshen wata.