Aikin ƙashin baya: abin da likita ya rubuta da abin da aka sa a faktir

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa tsayawa gaban ma'aikacin duwan ya san cewa kaya ba su da suna a can, lamba gare su. Atamfa da lambarta, shinkafa da tata, kuma in taranzitar ya kuskure lamba guda, kuɗɗin fito sai su hau ko su sauka. To, asibitocin ƙasashen waje, inda alhazanmu da ma'aikatan gwamnati ke zuwa neman magani, su ma haka suke lissafinsu. Kowane aikin fiɗa yana da lambarsa, akwai kuma ma'aikaci na musamman da ke zaune cikin biro, bai taɓa ganin marar lafiyar ba, aikinsa kawai ya karanta rahoton da likita ya rubuta bayan fiɗa, ya mai da shi lambobi. Daga lambobin nan ne faktir ke fitowa.

Cikin ayyukan da suka fi ba waɗannan ma'aikata wuya akwai haɗe ƙasusuwan gadon baya, wanda likitocin Faransa ke kira artirodez. Gadon bayan mutum jerin ƙasusuwa ne: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a tsatso, sannan ƙashin da ke ƙarƙashinsu wanda ya riga ya haɗe da kansa. Tsakanin kusan kowane biyu akwai faifan guringuntsi. Idan ƙashi ya goce, ko ya karye, ko cuta ta cinye shi, likita kan sa ɓarɓashin ƙashi tsakanin biyun, ya ɗaure su da ƙarfe, har su toho su zama guda. Maɗorin gargajiya zai gane hikimar, domin kara da tsumma riƙo kawai suke yi, jiki ne ke ɗinke kansa.

Aikin ba sabo ba ne. Cikin shekara ta 1911 likitoci biyu a birnin Niyok, Fred Albee da Russell Hibbs, kowa da hanyarsa, suka bayyana shi, kuma tarin fuka mai cin ƙashin baya suke yaƙa, cutar nan da ke sa wa yaro doro. Albee daga ƙashin ƙwauri yake yanko abin dasawa. Daga baya Harrington ya zo da sandunan ƙarfe a Amurka, Roy-Camille ya shahara da kusoshinsa a Paris, Cotrel da Dubousset kuma suka fito da nasu tsari farkon shekarun 1980. Kowane sabon ƙarfe ya ƙara wa likita dabara, ya kuma ƙara wa faktir layi.

A Amurka littafi biyu ake aiki da su. Na farko, CPT, ƙungiyar likitocin ƙasar ke fitar da shi tun 1966, da shi ake biyan ladan likita. Na biyu, ICD-10-PCS, na asibiti ne, ya fara aiki ranar 1 ga watan Oktoba 2015, kuma kowace lamba tasa gurbi bakwai gare ta, kowane gurbi da tambayar da yake amsawa. Ga misali 0SG00AJ: ta ce an haɗe gaɓa guda ta tsatso, an tsaga fata an buɗe, an shiga ta baya, an kai ga ɓangaren gaba na ƙashin, an kuma cusa ɗan keji a mazaunin faifan. A Faransa kuwa tun 2005 ake bin littafin CCAM, mai haruffa huɗu da alƙaluma uku, wanda ya gaji tsohon lissafin nan na harafin K da tsofaffin ma'aikata ba su manta ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne wurin ƙidaya. Likita ya rubuta cewa ya haɗe L4 da L5: ƙashi biyu ke nan, amma gaɓa ɗaya. Ya rubuta daga L4 zuwa S1: ƙashi uku, gaɓa biyu. Ladan haɗewa da gaɓa ake lissafa shi. A CPT ta farko 22612 ce in ta baya aka bi, kowace ta ƙari kuma 22614. Amma ladan ɗaura ƙarfe da ƙashi ake lissafa shi: kusoshi a ƙashi biyu 22840, a ƙashi uku zuwa shida 22842. Wato cikin rahoto guda ma'aikaci yana ƙirga da mudu biyu, kuma in ya auna gaɓa da mudun ƙashi, ya ƙara wa marar lafiya gaɓar da ba a taɓa ba. Kazalika sai ya duba inda aka samo ƙashin dasawa. Ɓarɓashin da aka tsinta a wurin aikin, 20936; wanda aka sake tsaga wani wuri, galibi ƙugu, don a ɗebo, 20937; na wani mamaci da aka adana, 20930. Hasali ma har 2012 ana rubuta lamba biyu idan an haɗe gaɓa guda ta gefe da kuma ta mazaunin faifai, sai aka dunƙule su cikin 22633, don kada a biya buɗewa ɗaya sau biyu.

Doka mafi girma a wannan sana'a ita ce abin da ba a rubuta ba, ba a yi shi ba. Ma'aikacin kirki ba ya dogara da kan takarda, domin kan takarda sau da yawa niyyar likita yake faɗi tun kafin ya ɗauki aska. Cikin rahoton yake bi layi layi, in ya ga giɓi ya mayar wa likita da tambaya a rubuce. Ba shi da iznin ƙiyasi, ko da ya san abin da aka saba yi. Wannan tsanani abin yabo ne, ko da yake likitoci da yawa suna ganin sa kamar takura, alhali kuwa shi ke kare su ranar da masu bincike suka zo.

Su kuwa masu bincike suna zuwa, domin inda kuɗɗi suka yi yawa ba a rasa ɓera. A jihar Kalifoniya, tsohon mai asibitin Pacific na Long Beach, Michael Drobot, ya amsa laifi cikin 2014 cewa ya daɗe yana ba likitoci da wasu dillalai toshiyar baki don su turo masa masu ciwon baya, yana kuma hauhawar da kuɗɗin ƙarafan da ake sa musu. Faktir ɗin da abin ya shafa sun haura dalar Amurka miliyon 500, kuma cikin 2018 aka yanke masa ɗaurin wata 63.

Abin da ya shafi mutumin Maraɗi ko Damagaram ko Tawa a nan a fili yake. Wanda ya sayar da fili ya kai tsohonsa Tunis ko Alƙahira ko Indiya, da ma'aikacin da baitulmali ko kamfanin asiransi ya ɗauki nauyinsa, galibi sukan dawo da hoton rajiyo da faktir da jakar magani, su baro takardar da ta fi duka amfani, wato rahoton fiɗar kansa. Haƙƙin marar lafiya ne ya nemi kwafi kafin a sallame shi, ya tabbatar an rubuta sunayen ƙasusuwan, da hanyar da aka bi, da yawan kusoshi, da sunan kamfanin da ya ƙera su. Kusoshi a hoton rajiyo suna ƙirguwa da yatsa, ana iya gwama su da faktir tun ana bakin kes. Sunan kamfanin kuwa ranarsa tana zuwa: kowane kamfani da irin kan kusarsa da irin makullinta, kuma likitan Yamai da zai sake buɗe bayan nan da shekara biyar, idan kusa ta saki, tambayar da zai fara yi ke nan kafin ya sa ranar aiki.