INA FILIN 'YA'YAN TALAKAWA?

Jama'a, duk wanda ya bi ta Unguwa Uku da la'asar sakaliya ya ga abin da muke gani. Yara ne ke buga tamaula a lungu, duwatsu biyu su ne raga, in babur ya taho a tsaya, in ƙwallo ta faɗa kwata a tsamo ta a ci gaba. Haka abin yake a Gyaɗi-Gyaɗi, haka a Tarauni. Amma in ka yi magana sai mahukunta su nuna maka Ƙofar Mata, su ce ai ga filin Sani Abacha nan. To, bari mu bi tarihin filayen nan mu ga wa aka yi wa.

Tun ba a san filin Sani Abacha ba Kano ta yi suna a tamaula. Raccah Rovers ta zama zakarar ƙasa a 1978. A 1990 aka kafa Kano Pillars, har tsohon filin Sabon Gari ya ɗauki sunanta. Sa'an nan baƙi suka fara zuwa: gasar matasa ta duniya a 1999, kofin Afirka a 2000, gasar 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Duk a Ƙofar Mata aka sauke su. Kowane zuwa sai a tashi haiƙan da fenti da shara, kamar ba a san ba a fafe gora ranar tafiya ba. Baƙo na juya baya, sai gyara ya bi shi.

Su kuwa Masu Gida ba su ba mu kunya ba. Sun ci gasar ƙasa a 2008, 2012, 2013 da 2014, kuma a 2009 sun fitar da Al Ahly ta Masar, suka kai wasan kusa da na ƙarshe a Afirka. Me aka saka musu da shi? A 2020 aka mai da filin wurin killace masu cutar korona. Ba mu ƙi ba, rai ya fi wasa. Amma da yake babu wani filin da ya isa, sai ga Masu Gida suna karɓar baƙi a Kaduna! Assha! Birni kamar Kano a ce ya rataya ga fili ɗaya tak?

Watau kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Talaka ke biyan haraji, shi ke sayen tikiti, ɗansa ke karya ƙafa a kan tsakuwa, amma duk fegin da yara suka share sai a wayi gari an yanka shi an jera kantuna. Ahmed Musa, mutum ɗaya, ya gina wurin wasanni a Hotoro a 2017. Abin da ɗan wasa ya yi da guminsa ne zai gagari hukuma?

Abin da muke nema a fili yake. A keɓe filin wasa a Unguwa Uku, a rubuta shi da sunan jama'a yadda ba mai iya sayarwa. A gyara na Sabon Gari ya isa karɓar manyan wasanni. A bayyana wa jama'a kuɗin gyaran Ƙofar Mata kowace shekara, kwabo da kwabo. Yaron da aka hana fili, lalle zai sami matattara, kuma kowa ya san abin da ake koya a can. Mu dai ba za mu yi shiru ba.