Bankuna, ku sabunta manhaja ba tare da kun tsayar da kasuwa ba

Mai POS a Dutse Uku ya san ciwon rashin netwok: kwastoma a tsaye, kuɗi sun fita daga asusu, ba su iso ba. Bankuna kan ce manhaja suke sabuntawa. Sabuntawa dole ce, domin a Mayun 2017 harin kutsen kwamfuta na WannaCry ya durƙusar da asibitoci da dama a Ingila, alhali Microsoft ta fitar da rigakafinsa tun Maris. Sai dai ba sai an tsayar da aiki ba, domin rumbun bayanan banki rukunin kwamfutoci ne. A janye ɗaya, a sabunta, a gwada, a mayar, sauran suna aiki. Masu cewa hakan na cin kuɗi, su tuna cinikin da ɗan kasuwa ya rasa ma kuɗi ne. Ya kamata Babban Bankin Nijeriya ya wajabta wannan tsari.